Gidan 'ya'yan tsintuwa na Landan: hoton da kuka buga ba na ginin asali ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan jarida baki ɗaya, mun rubuto ne kan ɗan bayanin da ya fito a shafinku na tarihi game da gidan da mutanen Ingila ke kira Foundling Hospital. Mun ji daɗin ganin an tono labarin, sai dai akwai gyara a wuri biyu, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kun kira wurin asibiti, sannan kun sa hoton gini mai lamba 40 a dandalin Brunswick kuka ce nan ne aka yi renon yaran tun ƙarni na 18.

Maganar asibiti mai sauƙi ce. A Turancin wancan zamani kalmar tana nufin gidan da ake saukar da mabuƙata a ɗauki nauyinsu. Wannan gidan reno ne na jariran da iyayensu mata suka kasa riƙewa, har ma jaririn da aka ga alamar cuta mai yaɗuwa a jikinsa ba a karɓarsa. Shi kuwa ginin hoton, an gama shi ne a 1937, shekara goma sha ɗaya bayan yaran sun bar Landan. Ginin asali an rushe shi, amma kafin a rushe an ciro wasu sassansa an raba su wurare daban-daban, kuma wanda ya san inda zai duba zai iya ganinsu har gobe.

Kyaftin Thomas Coram, maƙerin jiragen ruwa da aka haifa a 1668, shi ya kafa gidan. Shekara 17 ya yi yana bin ƙofofin manya kafin Sarki George na Biyu ya sa hannu a takardar izini ranar 17 ga Oktoba, 1739. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne da ya koma kan matan masu sarauta, ya sa suka rattaba hannu a takardar koke, sannan mazajensu suka biyo baya. An fara karɓar yara ranar 25 ga Maris, 1741, a wani gidan haya a Hatton Garden, inda aka ɗauki 30 a daren farko. Daga nan amintattun gidan suka sayi fili eka 56 a hannun wani basarake, mai riƙe da sarautar Salisbury, a bayan garin Landan na lokacin. Theodore Jacobsen ya zana ginin: ɓangaren yamma na maza, wanda aka gama a 1745, ɓangaren gabas na mata a 1752, majami'a a tsakiya ta haɗa su, ga kuma wani makeken fili a gaba. A riƙe wannan siffa, domin da ita za a gane abin da ya rage.

Yadda ake karɓar yaro shi ne zuciyar labarin. Masu kawowa sun fi gurabe yawa, har ana kokawa a ƙofa, saboda haka daga 1742 aka koma ƙuri'a. Uwa za ta zura hannu cikin jaka ta zaro ƙwallo. Fari ya fito, an karɓi ɗanta idan likita ya duba ya ga lafiya lau. Ja ya fito, ta jira ko wani daga cikin masu fari zai faɗi a gwajin likita. Baƙi ya fito, ta ɗauki abinta ta fita. Wanda aka karɓa sai akawu ya cika masa takarda: lamba, rana, jinsi, kayan da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, da duk wani tabo. Ba a tambayar sunan uwa. A maimakon haka takan bar wata 'yar alama, kwabo da aka huda ko aka yi wa tsaga, maɓalli, zobe, ɗan ƙyalle da aka yanka biyu ta riƙe rabi. Sai a naɗe alamar cikin takardar, a like da kakin hatimi, a rubuta lambar a baya. Jaririn kuma a yi masa baftisma da sabon suna, a rataya masa lambarsa a wuya, a miƙa shi ga mai shayarwa a ƙauye har ya kai shekara huɗu zuwa biyar, sannan a dawo da shi Landan. Idan ya tasa a ba da shi koyon sana'a. 'Yan mata galibi aikatau, maza da yawa suka ƙare a ƙungiyoyin badujala na soja.

A 1756 majalisar dokoki ta ba gidan fam 10,000 bisa sharaɗin a karɓi duk jaririn da aka kawo. Aka rataya kwando a ƙofa. A ranar farko kaɗai yara 117 aka ajiye, kuma kafin a dakatar da tsarin a 1760 an karɓi kusan 15,000. Wajen 4,400 ne kawai suka rayu har suka kai shekarun koyon sana'a. Dalilin a fili yake: babu isassun masu shayarwa, ga wasu mutane da suka mai da jigilar jarirai daga ƙauyuka sana'a, suna cusa su a kwanduna su yi tafiyar kwanaki, da yawa su iso a galabaice ko a mace. Hukumomin unguwanni kuma suka samu hanyar sauke nauyin talakawansu a kan wani.

Wannan ambaliya ce ta sa aka buɗe rassa shida a wajen Landan, kuma abin mamaki, a rassan ne aka fi samun ginin ƙarni na 18 a tsaye. Na Ackworth a yankin Yorkshire an rufe shi a 1773, mabiya ɗarikar Kirista ta Quaker suka saya, suka buɗe makaranta a ciki a 1779, kuma makarantar tana nan tana aiki. Babban gini ne na dutse a tsakiya, da fikafikai biyu da barandu masu lanƙwasa suka haɗa su da shi. Duk mai son ya ga yadda gidan reno na wancan zamani yake da girma da tsari, can ya kamata ya dosa. Na Shrewsbury ya zama gidan aikin matalauta a 1784, daga baya shahararriyar makarantar garin ta koma cikinsa a 1882, sai dai an yi masa kwaskwarima mai yawa, don haka fuskarsa ta yau ba ita ce wadda yaran suka sani ba.

Mu koma Landan. Gari ya girma ya haɗiye filin, amintattun ma da kansu suka yanka gefensa suka ba da haya aka gina dandalin Brunswick da na Mecklenburgh, kuɗin hayar na ciyar da yaran. Zuwa farkon ƙarni na 20 hayaƙi da cunkoso sun yi yawa, ƙasar kuma ta yi tsada, sai aka sayar da wurin a 1926 ga wani ɗan kasuwa, James White, a kan fam 1,650,000. An so a dawo da kasuwar kayan lambu ta Covent Garden nan, mutanen unguwa suka tashi tsaye har shirin ya wargaje, amma hakan bai ceci ginin ba. Abin da aka ceto shi ne filin gaba, eka bakwai, da kuɗin jama'a da gudummawar mai gidan jarida Lord Rothermere. An buɗe shi a 1936 a matsayin filin wasan yara mai suna Coram's Fields, kuma dokarsa ita ce babba ba ya shiga sai yana tare da yaro. Wanda ya je shi kaɗai sai ya tsaya a titin Guilford ya leƙa. Daga nan zai ga mashigar, da dogayen rumfuna masu jerin fararen ginshiƙai da suka bi gefen gabas da yamma. Waɗannan rumfuna su ne na asali, a ƙarƙashinsu yara maza ke tufka igiya. Ɗan ginin da ke tsakiyar filin kuwa na 1936 ne, kada kyansa ya ruɗi mai kallo. Inda manyan gine-ginen suka tsaya a can arewa, yanzu filayen ƙwallo ne.

To ina ginin hotonku ya shigo? Amintattun sun sake sayen ɗan yanki a arewacin filin suka gina ofishinsu, suka kuma auna wasu ɗakunansa daidai da na tsohon gida domin a mai da kayan cikin da aka ciro. Bangon na 1937 ne, amma idan aka shiga, matakalar katakon oak da ake hawa ta ɓangaren maza ce ta asali. A sama akwai ɗakin taron amintattu, wanda shi ne mafi daraja. Silin ɗinsa na filasta mai ado, kyautar wani magini William Wilton, an ɓamɓaro shi aka adana, aka sake haɗa shi a nan, tare da adon murhu na marmara da manyan zane-zane huɗu na labaran ceton yara daga Littafi Mai Tsarki, ciki har da na Annabi Musa a gidan Fir'auna wanda William Hogarth ya zana. Akwai kuma ƙananan zane takwas masu da'ira na gidajen jinƙai na Landan. Ba don ƙawa kawai aka tara su ba. Hogarth, wanda yana cikin amintattun farko, ya ja abokan sana'arsa suka ba da ayyukansu kyauta domin masu kuɗi su zo kallo, su ga yaran, su saki hannu. Haka mawaƙi Handel ya riƙa shirya taron kiɗa a majami'ar daga 1749. Tun 2004 ginin ya zama gidan adana kayan tarihi, kowa na iya shiga.

Yaran da kansu, bayan zaman wucin gadi a Redhill, an kai su sabon gini a Berkhamsted a 1935, wanda aka kwaikwayi tsarin tsohon: majami'a a tsakiya, maza gefe, mata gefe. Can aka kai gilasan tagogi masu launi da wata matakala daga tsohon gida. Bai yi shekara ashirin yana wannan aiki ba, domin bayan dokar yara ta 1948 ra'ayi ya koma kan a ba da yaro riƙo a cikin iyali maimakon tara ɗaruruwa a ɗaki ɗaya. An daina kwana a 1954, hukumar gundumar Hertfordshire ta karɓi ginin, yau shi ne makarantar sakandare ta Ashlyns. Makaranta ce mai ɗalibai, ba a shiga cikinta haka kawai ba izini. Jimillar yaran da suka ratsa gidan daga 1741 zuwa 1954 wajen 25,000 ne.

Shi Coram, wanda aka ture daga kwamitin gudanarwa tun ginin bai tashi ba, ya rasu a 1751 aka binne shi a ƙarƙashin majami'ar gidan. Gawarsa ta bi yaran zuwa Berkhamsted, daga baya aka dawo da ita cocin St Andrew da ke Holborn. Cocin ya ƙone da bam a 1941, da aka sake gina shi sai aka sa masa mumbari, da kwatarniyar baftisma, da akwatin katakon babban abin kiɗan nan mai bututu, duk daga majami'ar gidan renon. A wannan coci akwai tarko ɗaya: mutum-mutumin yaro da yarinya masu shuɗin kaya da ke jikin hasumiyarsa na wata makarantar sadaka ce ta unguwar, ba su da alaƙa da gidan Coram, ko da yake baƙi kan ɗauke su hoto da wannan zato.

A ganinmu, asarar da ta fi rushe ginin ciwo ta faru ne tun kafin a taɓa bulo ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 19, sakataren gidan John Brownlow, wanda shi ma a gidan aka rene shi, ya sa aka ware alamomin nan masu tauri, irin su kwabo da maɓalli, daga takardunsu aka jera su a akwatin gilashi don su taɓa zuciyar masu ba da gudummawa. Niyyar mai kyau ce, amma garin neman gira aka rasa ido, domin ba a rubuta wace alama ta fito daga wace takarda ba. Kwabon da aka huda ba shi da wani amfani in ban da lambar yaron da yake tare da ita. Guntayen ƙyalle ne suka tsira, don ba a ga sun isa a nuna su ba. Aka bar su a maƙale da allura a jikin takardun, aka ɗinke takardun suka zama littattafai. Kusan 5,000 ne, kuma yanzu su ne tari mafi girma na yadin talakawan Ingila na ƙarni na 18. Masu bincike sun yi nasarar mai da wasu alamomin ga masu su ta hanyar karanta bayanin da akawu ya rubuta da gwada shatar da kwabo ko maɓalli ya bari a jikin takarda, amma da yawa har yanzu suna cikin gilashi ba suna ba lamba.

Muna roƙon ku gyara bayanin da ke ƙasan hoton ya zama ginin 1937 mai ɗauke da ɗakunan tsohon gida. Idan kuma za a sake buga labarin, hoton rumfunan Coram's Fields ko na makarantar Ackworth ya fi dacewa a sa.

Mun gode. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wasu masu bibiyar shafin tarihi