A Duba Yanayi Kafin A Yi wa Ciyawar Fili Feshi

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin abokan aikina masu kula da ciyawar filayen wasa da ta lambunan shaƙatawa a kan wani kuskure da ya yi mana katutu, wato yin feshin maganin funfuna bisa lissafin kalanda, ba tare da duba abin da yanayi yake ciki ba.

Kowace cutar ciyawa tana da lokacin da take tashi. Cutar Rizoktoniya, wadda ke barin manyan da'irori masu ruwan ƙasa, tana bunƙasa ne idan zafin dare ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, ganye kuma ya kwana a jiƙe, musamman a filin da aka cika wa takin naitirojin. Ita kuwa cutar da ke yin ƙananan tabo masu girman tsabar kuɗi ta fi kama ciyawar da taki ya yi wa ƙaranci, a lokacin raɓa mai yawa. A inda sanyi ke tsananta, cutar Maikurodokiyam ce ke ɓarna, har a ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Fitiyam, domin na ɗanɗana kuɗarta. Wata shekara an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai zafin rana ya biyo baya har ya wuce digiri 30, dare kuma ya ƙi yin sanyi. Da asuba na tarar da wani farin abu kamar auduga a kwance a kan ganye, ganyen ya yi baƙi-baƙi, yana santsi a hannu tamkar an shafa masa mai, kuma ɓarnar ta bi layin da injin yankan ciyawa ya bi da kuma hanyar da ruwa ke gangarawa. Na ɗauko maganin funfuna mai suna furofikonazol da ke ajiye na fesa, ina ganin na yi maganin abin, amma cikin kwana biyu gaban raga ya zama ƙasa tsagwaronta. Daga baya na fahimci cewa ƙwayar Fitiyam ba ta cikin dangin funfuna na ainihi, saboda haka wannan magani ba ya taɓa ta. Magunguna irin su mefenoksam ko furofamokab ne ke iya mata, su ma sai an fesa kafin ta bazu, in ba haka ba ya zama ihu bayan hari.

Ya kamata mai feshi ya san bambancin magunguna. Kulorotalonil da mankozeb a saman ganye suke tsayawa, ruwan sama yana wanke su, yanka yana rage su, kariyarsu ba ta cika wuce kwana 7 zuwa 14 ba. Masu shiga jikin tsiro, kamar azoksistirobin, suna iya kaiwa kwana 14 zuwa 28, sai dai idan aka nace wa rukuni ɗaya, ƙwayar cutar takan saba da shi har ya daina yi mata komai. Canza sunan kamfani a jikin kwalba ba shi ne canza magani ba. Lambar rukunin da ke kan takardar maganin ita ce abin dubawa. Haka kuma dangin furofikonazol suna iya ƙara galabaitar da ciyawar da zafi ya riga ya wahalar.

Lokacin fari ma yana da nasa ruɗani, domin sau da yawa busasshen wuri yakan yi kama da cuta, a yi ta zuba magani alhali ƙishirwa ce ko taurin ƙasa. Kafin a buɗe kwalba, a tona a ga saiwa, a ji danshin ƙasa da hannu. A mayar da ban ruwa zuwa asuba maimakon yamma, a kakkaɓe raɓa, a ɗaga tsawon yanka idan zafi ya tsananta, sannan kada a shiga da inji cikin jiƙaƙƙen fili mai cuta.

Ina kira ga shugabannin filaye da su sama wa ma'aikatansu ma'aunin zafi da na ruwan sama, da kayan kariya na feshi, da littafin da za a riƙa rubuta ranar feshi, da maganin da aka yi amfani da shi, da yanayin wannan rana.

Naka,
Wani mai kula da filin wasa