Tururuwar da ke noma a ƙarƙashin ƙasa, da surin gonakinmu

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari?

Ni malamin sakandare ne a nan Sakkwato, ɗalibaina suka sa na rubuto. Muna darasi na ce musu akwai tururuwa mai noma, duk suka fashe da dariya wai tururuwa dai jidar gero ta sani ta kai rami, to wallahi abin gaskiya ne.

Akwai wata ƴar mitsitsiya a ƙasar Barazil da masana suka sa wa suna Cyatta abscondita a 2013, sunan ma ɓoyayya yake nufi, don ganinta wuya gare shi, ƙofar raminta ƴar ƙarama amma ɗakunan suna iya kai zurfin kusan mita 2. A cikin ɗakunan nan take noman wani irin naman kaza, ta kwaso tarkacen tsiro ta zuba mishi kamar taki, ta tsaftace shi, shi ne abincinta da na ƴaƴanta. Masana sun ce dangin nan sun fara noma shekara miliyan 66 da suka wuce, mu ƴan Adam namu noman bai wuce shekara 12,000 ba. Abin da ya fi taɓa ni, sabuwar sarauniya in za ta bar gida sai ta ƙunso ɗan irin a bakinta, kamar dai manominmu da ke ɓoye iri a rumbu ko yunwa ta matsa ba ya taɓawa. Allah mai iko.

Irin wagga tururuwa nahiyar Amurka kawai take, amma mu ma muna da namu manoman, wato gara. Surin da ka ke gani a gonakin Wamakko da Kware, wani lokaci gonar naman kaza ce a cikinshi, gara ke nomanta, mu kuma sai dai mu fasa shi mu zuba magani ko mu jira shinge da damina.

Don Allah ku ware ma kimiyya ko rabin shafi ne duk mako, ku je Jami'ar Usmanu Danfodiyo ku samu masana ƙwari su yi muna bayanin suri da Hausa, ni zan riƙa yanko shafin ina kai ma yaran aji.

Naku,
Wani malamin sakandare, Sakkwato