Likitan Facebook ba ya ganin mara lafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai farin jini mu ja hankalin abokan aikinmu ma'aikatan lafiya, da masu bibiyarsu a Facebook da WhatsApp da TikTok.

Abin da ya fi damun mu shi ne faɗin awon magani ga wanda ba a gani ba. Uwa za ta rubuta cewa ɗanta na zazzaɓi, nan take wani ya amsa mata: "Ki ba shi farasitamol cokali biyu." Cokali biyu na wanne? Farasitamol na ruwa akwai mai miligiram 120 a cikin mililita 5, akwai mai 250. Kuma da nauyin yaro ake aunawa: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk awa huɗu zuwa shida, kada a wuce sau huɗu a kwana guda. Yaro mai kilo 10 ke nan iyakarsa miligiram 150 a sha ɗaya, alhali ƙaramin cokali biyu na mai 250 ɗin miligiram 500 ne. Ga shi magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai a haɗa biyu ba a sani ba. Hanta ce ke shan wahalar, kuma ɓarnar kan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana.

Don haka ƙwararre ya tsaya kan ilimin da ya shafi kowa, ya kuma faɗi alamomin da ba a jira da su: jijjiga, numfashi da ƙyar, ƙin shan nono, ko zazzaɓi a jaririn da bai kai wata uku ba. Ya sa kwanan wata a rubutunsa, domin shawara tana canzawa amma hoton rubutun yana ta yawo. In zai ƙaryata jita-jita, ya fara da gaskiyar. Mutane da yawa layin farko kawai suke karantawa.

Masu karatu kuwa, farar riga da abin awon ƙirji a wuya ba shaida ba ne, ana sayar da su. A duba sunan mutum a rajistar hukumar da ke ba likitoci lasisi. Saƙon WhatsApp mai alamar kibiya biyu ya bi hannaye da yawa, ba lallai a san mafarinsa ba. Kuma don Allah a daina ɗora hoton sakamakon gwaji da suna a kai inda kowa zai gani.

Wassalam.
Daga wasu likitoci da masu harhaɗa magani.