A ba ƙananan tsuntsaye fili a shafin hotuna

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan sammin fili in yi wata magana wadda na san wasu masu karatu za su ce wannan kuma rashin aikin yi ne ke damunsa, wato maganar ɗaukar hoton ƙananan tsuntsaye. Daga Manchester nake rubutowa, a nan Ingila, kuma yanzu haka muna tsakiyar hunturu.

Duk jaridar Hausa da mutum ya buɗe hotunan kala ɗaya ne, gwamna na yanka ƙyalle, sanata na raba buhun shinkafa, sai motar da ta kife a hanya. Idan ma aka yi rubutu kan tsuntsaye ko muhalli sai kaga an kwaso hoto daga intanet an manna, wani lokacin ma tsuntsun ko a Afirka babu irinsa. Shi ne nace bari in faɗa muku yadda ake yi a nan, ko za a samu masu sha'awa a gida.

Mutanen ƙasar nan ciyar da tsuntsun bayan gida ya zame musu jiki, ana ƙiyasta kuɗin da suke kashewa kan abincin tsuntsayen da ba nasu ba, ba kuma yankawa za su yi ba, ya kai fam miliyan 200 zuwa 300 duk shekara. Zaka shiga babban kanti kaga layi guda na abincin tsuntsu ne kawai, ɓararren irin furen rana, gyaɗa, curin kitse da aka kwaɓa da hatsi, har busasshiyar tsutsa a leda da farashinta. Ana zuba su a wani dogon mazubi na roba ko na raga mai 'yan ƙofofi a rataye a reshe ko a jikin ƙarfe. Kuma akwai dalili, a Disamba rana ba ta fitowa a nan sai takwas ta wuce, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, kenan tsuntsu yana da awa bakwai da 'yan kai ya nemi abin da zai riƙe shi daren awa goma sha shida cikin sanyin da ruwa ke daskarewa a kwano. Akwai wani ɗan mitsitsi mai shuɗin kai da rawayan ciki da suke kira blue tit, nauyinsa giram 11 ne, bai kai dunƙulen magi uku ba, kitsen da ya tara da rana shi yake ƙonawa da dare, in bai samu ya ci ba to ba lallai ya ga safiya ba.

To wannan yunwar ita ke kawo su gaban kamara. Tsuntsun da in da bazara ne sai dai ka ji kukansa cikin ganye, yanzu ga shi taku biyar daga tagar kicin, bishiyoyi kuma duk sun kaɗe ba abin da zai ɓoye shi. Sai dai fa kawowar daban, samun hoton daban. Ɗan shuɗin kan nan ba ya zama, zai sauka ya cafki ƙwaya ɗaya ya tashi, ya je can cikin shinge ya danne ta da ƙafa yana sara, kafin ka ɗaga kamara ya tafi. Dole saurin ɗaukar kamarar ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa in ba haka ba kan ya fito a dagule, gashi kuma hasken babu, sama a rufe da gajimare kwana da kwanaki, sai ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kamara ke karɓar haske, zuwa 3200 ko fiye hoton ya fito da tsaki-tsaki. Kullum cikin wannan cinikin ake, ka samu sauri ka rasa tsabta, ka samu tsabta ka rasa tsuntsun.

Dabarar da masu abin suka fi yi, kuma ita ce ta fi min aiki, ba a ɗaukar tsuntsu a kan mazubin. Hoton tsuntsu manne da roba ba shi da kyau ko kaɗan. Sai ka samo busasshen reshe mai ɗan gansakuka ka ɗaure shi kamar kamu biyu daga mazubin, ɗan sama kaɗan, saboda yawancinsu sai sun fara sauka a wani wuri sun leƙa hagu da dama kafin su faɗa kan abincin, musamman in akwai wani a kai suna jiran layi. Kai kuma ka riga ka saita kamara a kan reshen tun kafin su zo, ka kafa ta a kan ƙafarta, ba ka bin tsuntsu da ita, shi zai shigo maka. Ka duba abin da ke bayan reshen ya zama da nisa, shinge ko ciyawa, don ya narke ya bar tsuntsun shi kaɗai. Ido ake nema, in idon ya fito tar da ɗan ɗigon haske a ciki to hoto ya yi ko da jelar ta ɗan dushe, in ido bai fito ba goge shi kawai. Ni ta cikin kicin nake ɗauka, in buɗe taga in saki labule in bar 'yar kafa, domin gilashin tagoginsu biyu ne a haɗe yana cinye kaifin hoto, uwargida kuwa tana ta faɗan na bar hita a kunne ina ɗumama unguwa da kuɗin gas.

Kowanne da halinsa, wannan ne ma ya fi hoton daɗi a wurina. Mai jan ƙirjin nan robin, wanda suke sawa a katin Kirsimeti, a hoto kamar salihi amma mafaɗaci ne na gaske, ba ya yarda ɗan'uwansa ya shigo masa fili, sai dai shi ne mafi sauƙin ɗauka don yana tsayawa ya kalle ka ido cikin ido. Akwai masu dogon bindi da ke zuwa a ayari, su lulluɓe curin kitse minti biyu su ɓace gaba ɗaya sai kuma gobe. Gwara ma akwai ta, da hayaniyarta yadda kuka santa. In kaga wuri ya yi tsit lokaci guda kowa ya nutse cikin shinge to shaho ne ya gifta. Kurege kuwa ba a magana, ɓarawo ne mai lasisi.

Ciyarwar nan har hanyar ƙaurar wani tsuntsu ta canza. Akwai mai baƙar hula da ake kira blackcap, waɗanda ke hayayyafa a Jamus da kewaye da can Sifen suke nufa in sanyi ya shigo, amma tun wajen shekarun 1960 aka fara ganin wasunsu na juyowa Birtaniya suna cin hunturu a bayan gidajen mutane, kuma masana sun danganta abin da abincin da ake zuba musu haɗe da sassaucin sanyi. Amma abin yana da nasa sharrin, kuma duk mai son hoto ya kamata ya ji wannan. Tara tsuntsaye wuri ɗaya na yaɗa cuta. Daga 2005 wata cutar maƙogwaro ta shiga wani koren tsuntsu mai suna greenfinch, tana bi ta yawu a abinci da ruwan sha, tsuntsun ya kasa haɗiya ya kumbura gashi ya zauna shiru har ya mutu, ta yi musu ɓarnar da a 2021 aka sa su a jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Shi ya sa ake cewa a wanke mazubi duk sati, a canza ruwa kullum, in an ga mara lafiya a sauke komai na ɗan lokaci. Ni dai a ganina wanda ba zai iya wankin nan ba gara ya haƙura da hoton, tsuntsun da ya zauna maka shiru yana lumshe ido har ka matso kusa ba so yake ka ɗauke shi ba, ciwo ne.

Kuma ba hoto kawai suke tsayawa ba, ƙirga suke. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB tun 1979 take shirya ƙidayar bayan gida a ƙarshen Janairu, kowa ya zauna awa ɗaya ya rubuta abin da ya sauka a gidansa ya tura, a shekarun nan sama da mutum rabin miliyan ke shiga, yara da tsofaffi. Da irin wannan ƙidayar ta talakawa aka tabbatar gwara ta ragu sosai duk da ita ke zuwa ta ɗaya.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, ranka ya daɗe. Waɗanda nake ɗauka su ne suka zauna. Da yawa daga masu cin ƙwari na Turai ba sa zama, suna tsallaka Bahar Rum da Sahara su sauka a wajenmu daidai lokacin da muke cikin hunturunmu na ƙura, a dausayin Hadeja da Nguru, a bakin Tafkin Chadi, a gonakin Filato inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take sa musu zobe a ƙafa tana bibiyarsu. A 1969 Turawan nan sun wayi gari wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba sai kaɗan, kusan kashi uku cikin huɗu sun ɓace, da aka bincika sai aka gano farin da aka yi a yankin Sahel ne ya cinye su. Wato farin da ya kashe mana shanu har a lambunan Ingila an ji shi. Nijeriya na da tsuntsaye sama da kala 900, Birtaniya 600 ne da 'yan kai har da baƙin da aka gani sau ɗaya, amma su ke da hotuna da lissafi, mu yaranmu danƙo kawai suka sani.

Ga shi abin da nake wahala a kansa ku kyauta kuke samu, haske. Hasken bakwai na safe a Kano ko Zinder ko Maradi in ƙura ta lafa, wallahi mai kamarar miliyoyi a nan ba ya samun irinsa a Janairu. Ba kwa buƙatar mazubin kanti ko curin kitse, a wajenmu ruwa ne ke jan tsuntsu da rani. Fasasshen kasko a gindin bishiya ko bayan ɗaki, ruwa kaɗan wanda bai wuce gaɓar yatsa ba, ɗan tsakin gero a gefe, a kafa ƙirare kusa, a sa shi inda mage ba za ta laɓe ba. Baiwar Allah da tsada da gwara da kurciya duk za su zo, baiwar Allah ma har tsakar gida take shigowa tana tsince a gaban masu surfe, namijin ja wur, ban taɓa ganin hotonsa a jaridar Hausa ba. Wayar hannu ta isa in aka jingina ta da dutse kusa da kaskon aka kunna bidiyo aka matsa, daga baya a ciro hoton da ya fi kyau. Ladan shayarwa kuma malamai sun sha faɗa mana akwai shi a kan duk mai rai.

Don haka roƙona ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a sati, masu karatu su turo hoton tsuntsun gidansu da sunan gari da ranar da aka ɗauka, da sunan da ake kiransa a yankinsu, don na tabbata sunan da Bakatsine zai faɗa daban da na Bahaɗeje, dattawan da suka san sunayen kuma suna ta tafiya. Na haɗo da nawa guda biyu a fara da su, na robin ɗin ya fi fitowa, ɗayan yana da tsaki-tsaki don da yamma ne, in bai yi kyau a takarda ba a sa shi a shafinku na Facebook.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Manchester, Ingila