Amsa ga ƙanena kan kwashe rumbun bayanai zuwa gajimare

Assalamu alaikum.

A zaman masu harkar kwamfuta da muka yi nan Kano ka miƙe ka yi mini tambaya a bainar jama'a. Ka ce kamfanin dillancin da kake wa aiki a Kasuwar Singa zai kwashe rumbun bayanansa daga sabar ofis (kwamfutar da ke ajiye su) zuwa gajimare, wato sabobin haya irin na Amazon da Microsoft da Google. In ka ƙirga layuka a tsohon rumbu da sabo, adadi ya zo ɗaya, ba shi ke nan ba? Lokaci ya ƙure ranar, shi ya sa na rubuto.

A'a ƙanena, da sauran aiki. Wanda ya ƙirga buhu ɗari cif a Dawanau bai san gero ne a ciki ko ƙaiƙayi ba sai ya huda ya gani. Ɓarnar da nake jiye maka ita ce wadda ba ta taɓa adadi.

Fara da haruffanmu. Tsarin haruffa na latin1, wanda tsofaffin rumbunan manhajar MySQL da yawa ke kai, bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. In tsarin haruffa ya saɓa tsakanin rumbunan biyu, sai ka buɗe sunan kwastoma ka tarar Ɗanladi ya koma ?anladi, ko wasu alamu marasa kan gado. Layin yana nan, ƙirga ta cika, amma yaron kanti zai nemi sunan ya rasa, ya buɗe masa sabon shafi, bashin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Ka tsaya a kan utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, tun daga fari, ka zaɓo sunaye masu ƙugiya ka duba da idonka.

Sai agogo. Sabobin gajimare galibi a kan UTC, wato agogon GMT, suke zuwa, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Tirelar da aka sauke wa kaya ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare za ta iya faɗawa lissafin jiya, in kuma ƙarshen wata ne, ta faɗa watan da aka riga aka rufe. Kuɗi ma haka: in gurbinsu ya sauya daga DECIMAL, mai ajiye adadi cif, zuwa FLOAT, mai ajiye kusan-kusansa, kwabo zai riƙa zamewa har jimla ta ƙi haɗuwa.

Abin da ya fi wuya shi ne kasuwa ba ta tsayawa don kana kwafi. Kana kwashewa ana sayarwa. Don haka bayan kwafin farko, manhajar kwashewa takan riƙa bin littafin sauye-sauyen tsohon rumbu, wanda ake kira binlog a MySQL, WAL a manhajar rumbu ta PostgreSQL, tana aika duk abin da ya canza. Ka sa ido kan tazarar da sabon ya yi baya, ka ɗaura mata ƙararrawa a wayarka. Ba ka manta 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. In irin haka ta faru, WAL zai yi ta taruwa a sabar ofis har faifai ya cika, rumbun da ake ciniki da shi ya tsaya. Kuma kwafin sauye-sauye na PostgreSQL ba ya ɗaukar ma'ƙirgin lambar rasit. In ba ka saita shi da hannu ba, rasit na farko a sabon gida zai ci karo da tsohuwar lamba.

Yadda nake yi: in raba kowane jadawali kashi-kashi, in fitar da lambar tantancewa, wadda ke canzawa in bayani ya canza, daga abin da ke cikin kowane kashi a ɓangarorin biyu, in gwada. Inda suka saɓa, nan zan bi layi-layi. Manhajar kwashe rumbu ta Amazon, DMS, tana da irin wannan binciken, amma sai jadawalin yana da lambar da ta keɓe kowane layi. Ana maimaitawa kullum har ranar sauyi zuwa sabon rumbu. Sannan ka jawo akawunku ya zauna kusa da kai. Shi ya san nawa ake bin kowane dila da katan nawa ke sito. Sai ya ga jimlolin nan sun yi daidai ya sa hannu. Na fi yarda da sa hannunsa a kan koren haske a allo.

Kada ka ce abin na ƙananan kamfani ne. Bankin TSB na Birtaniya ya yi irin wannan ƙaura zuwa sabon tsari a Afrilun 2018, kwastomomi suka kasa shiga asusunsu, wasu har suka ga bayanan wasu. A Disambar 2022 aka ci shi tarar fam miliyan 48.65.

Daren sauyi, bayan kasuwa ta tashi, ka hana rubutu a tsohon rumbu, ka jira tazara ta koma sifiri, ka yi gwajin ƙarshe, sannan ka juya. Tsohuwar sabar kuma ka bar ta a karatu kawai har a rufe lissafin wata guda lafiya. Ka kuma gaya wa Alhaji mai kamfanin tun yanzu cewa in sabuwar sabar tana wata ƙasa, misali Cape Town ta Afirka ta Kudu, bayanan kwastomominsa sun bar Najeriya, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana da sharuɗɗa a kan haka; lauya ya duba kafin ku fara.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanka a sana'a, daga Kano.