Amsa ga Alhajin da ya ce an saye ni kan 12 ga Yuni

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo: wai ina ruwan Bahaushen Jos da hutun Ranar Dimokuraɗiyya na 12 ga Yuni, "bikin Yarbawa", kuma nawa aka ba ni nake ta kururuta shi? Batun cewa hutun asarar ranar kasuwa ce, bar shi kawai. Lokacin da ake hutun a 29 ga Mayu ba mu ji ka koka ba.

Maganar kuɗin ce ta ƙona mini rai. Daga Gangare zuwa Unguwar Rogo kowa ya san albashin koyarwa nake ci, har gobe keke napep nake hawa da allina a aljihu. Da ina da farashi, ai da mun haɗu a layin masu jiran kwangila a Abuja, inda aka ce ba ka fashi.

Bikin Yarbawa? A nan Jos jam'iyyar SDP ta tsayar da Abiola takarar shugaban ƙasa a watan Maris na 1993, ya ɗauki Baba Gana Kingibe mataimaki. Musulmi biyu, amma Filato ta zaɓe su a zaɓen 12 ga Yuni. Kano ma ta bar ɗanta Bashir Tofa ta bi Abiola. Da Babangida ya soke zaɓen ranar 23 ga Yuni, jama'a suka fantsama kan tituna, sojoji suka buɗe wuta a Legas. Aka harbe Kudirat, matar Abiola, a 1996, Abiola ya rasu a tsare a 1998. Shehu Musa 'Yar'adua da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997 fa, shi ma Bayarabe ne? Wanda ya mayar da ranar ta zama ta Dimokuraɗiyya a 2018 kuwa, Buhari ne, ɗan Daura.

Da ka tambaye ni abin da ke damuna da bikin, da na gaya maka kyauta. Wasu da suka yi gwagwarmayar jiya su ne a kan mulki yau. Talakawa suka fito kan tsadar rayuwa a Agustan 2024, sai ga ƙananan yara a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja cikin Nuwamba, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna sumewa. 'Ya'yan Arewa ne, Alhaji. Ranar nan ban ji muryarka a rediyo ba. Ko layin ne ya ƙi shiga?

Wassalam,
Malamin makaranta, Jos