Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Shekarar da Muka Bi Sawun Bishop Crowther

Baba Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan ƙungiya, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ga rahoton abin da muka yi a bana. Lissafin kuɗi na hannun Ma'aji, shi zai karanta nasa, ni ba zan shiga gonarsa ba sai inda ya zama dole.

Ƙungiyarmu da ƙafa biyu take tafiya: nazarin tarihin ikkilisiya, da tallafa wa masu bishara na ƙauyukan da muka ɗauki nauyinsu. Bana ƙafar farko ta yi gudu, ta biyun kuwa ɗingishi ta yi, kuma zan faɗi yadda aka yi.

A zaman farko, kun tuna, sai da aka kai ruwa rana kan wanda za mu nazarta. Dattawa sun fi son Likita Miller, Baturen mishan na Wusasa, tunda shi ne na gida. Matasa suka ce Samuel Ajayi Crowther. Wani babanmu ya ce ai wannan Bayarabe ne, Yarabawa su nazarci abinsu. Aka ɗaga hannu, matasa suka yi rinjaye da kyar. Kafin damina ta faɗi, baban nan shi ne mai riga kowa zuwa, don ya gano cewa tun a 1862 Crowther ya yi wa mutane baftisma a Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, wato kusan shekara 40 kafin ayarin Bishop Tugwell da Miller ya isa Kano a 1900.

Zaman karatu

Mun riƙa zama sau ɗaya a wata bayan sujadar yamma, kowane zama da mai gabatarwa. Zaman farko kan ƙuruciyarsa ne. An haife shi a Osogun a ƙasar Oyo, mahara suka kama shi a 1821 yana ɗan yaro, ya yi ta sauya hannu daga wannan ubangida zuwa wancan. An taɓa musanya shi da doki, cinikin ya warware aka mayar da shi. Daga baya aka ba da shi a bakin taba da barasa. A 1822 Turawan Fotugal suka zuba shi a jirgi a gaɓar Legas, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Freetown ta Saliyo. Nan fa zaure ya so ya yi zafi, don wasu sun tsaya kan cewa akwai Musulmi cikin maharan. Wata mamarmu ta kashe wutar da magana ɗaya: ta ce to waɗanda suka saye shi suka sa masa sarƙa fa, ba masu giciye ba ne? Aka yi tsit, muka ci gaba.

An yi masa baftisma a Disamba 1825, ya ɗauki sunan wani limami na kwamitin CMS, ƙungiyar mishan ta Angalikan, a Landan. Shi ne ɗalibin farko a makarantar Fourah Bay a 1827. An naɗa shi aikin limanci a Landan a 1843, ya isa Abeokuta a 1846, inda ya yi kiciɓis da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Wannan labarin kowa ya san shi, ba mu daɗe a kansa ba.

Inda muka daɗe shi ne kogi. A 1841 ya shiga ayarin jiragen da Ingila ta turo Kwara, tare da J. F. Schön, Bajamushen nan da daga baya ya rubuta nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Zazzaɓi ya yi wa Turawan ayarin kisan kiyashi, kuma abin da CMS ta koya daga nan shi ne aikin kogin sai 'yan ƙasa. A 1854 ya sake hawa tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai, aka riƙa shan kwinin kullum, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. A 1857 aka fara aikin gadan-gadan: ya ajiye limami J. C. Taylor a Anacha, ya buɗe wuri a Gbebe, ya wuce gaba, sai jirginsu Dayspring ya daki dutse a Jabba ya lalace. Da wani ne, da ya zauna zaman jiran ceto. Shi kuwa ya mai da zaman makaranta, ya duƙufa kan Nufanci, har ya fitar da littafin koyon karatu a 1860 da nahawu da jerin kalmomi a 1864. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Canterbury, baƙar fata na farko a ɗarikar Angalikan.

Mai gabatarwa na wannan zaman, malamin firamare ne mai ritaya, ya zana mana yadda Crowther yake dasa ikkilisiya, kuma ina ganin wannan shi ne ribar shekarar. Ba ya fara da gini. Sai ya je gaban sarki ya yi gaisuwa, ya nemi izini da fili. Sai ya ajiye malami guda, yawanci cikin 'yantattun bayin Saliyo waɗanda asalinsu daga yankin ne, ya buɗe makaranta. Sai a zauna a koyi harshen mutanen a rubuta shi. Sai a nemi mutanen gari su sa hannu a aljihu. A Bonny, da Sarki William Pepple ya gayyace shi a 1864, sharaɗin da aka yi shi ne garin zai ɗauki rabin kuɗin aikin. Wannan kuwa koyarwar Henry Venn ce, sakataren CMS: ikkilisiya ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta haifi 'ya'yanta da kanta.

Yadda yake zama da sarakunan Musulmi ma ya ba mu abin taunawa. Ya sha zuwa Bida wurin Etsu Masaba, sarkin Nufe, da magajinsa, ba da faɗa ba, har Littafi Mai Tsarki na Larabci ya kai kyauta, da haka aka samu damar ajiye ma'aikata a Egga da Kipo. A fadar Ilori a 1872 da aka yi masa tambayoyi kan Yesu, bai shiga gardama ba, sai ya buɗe Littafi ya karanta, ya fara da saƙon Mala'ika Jibrilu zuwa ga Maryamu, wanda masu sauraro suka san shi. Da aka nemi addu'a, ya ɗauko addu'ar da ake yi wa Sarauniya a littafin addu'a, ya sa sunan sarki a gurbinta. Wasu matasanmu sun ce wannan laushi ya yi yawa. Ni dai a ganina mutumin da aka sayar da shi a bakin taba, ya dawo yana durƙusa wa sarakuna da ladabi don a ba shi fili, ba tsoro ke damunsa ba.

Tafiyar Lakwaja

Bayan damina ta ɗauke muka yi tafiyar da muka daɗe muna ɗagawa. Motar da muka yi shata ta mutu mana kafin Kwatankarfe, igiyar fanka ta tsinke, muka kwashe yinin a gindin bishiya muna cin gyaɗa da rake. Mai motar ya rantse mana tun a tasha cewa an duba ta. Ba zan kama suna ba, amma ba za mu sake ba shi aiki ba. Mun shiga gari bayan magariba, abin da muka yi niyyar gani a kwana biyu muka cusa shi a ɗaya.

Da sassafe muka hau dutsen Patti. Daga can ana ganin kogunan biyu suna haɗuwa, ruwan ɗaya ya fi na ɗayan duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Yaran da muka tafi da su sun fi damuwa da ɗaukar hoto, sai da malamin nan mai ritaya ya nuna musu tsallaken ruwa ya ce can wajen ne Gbebe, can aka fara, da rikicin gari ya tashe su aka dawo da ƙarfin aikin wannan gaɓar. Muka sauko muka ga makarantar Holy Trinity wadda aka kafa a 1865, wadda ake cewa ita ce firamare ta farko a Arewa. Mun kuma leƙa maƙabartar Turawa. Wani ɗan'uwanmu ya tsaya yana karanta shekarun da ke jikin duwatsun yana girgiza kai, don da yawansu ba su kai shekarun ɗansa na fari ba. Ba mu samu ƙetarawa Gbebe ba, masu kwalekwale sun tsuga kuɗi, iyayenmu mata kuma suka ce ba da su ba.

Zaman da ya fi ɗaci

Da muka dawo muka yi zaman ƙarshen rayuwarsa. Tun farko wasu Turawan mishan, irin su Henry Townsend, ba su so a keɓe shi ba, kuma ba a sa su ƙarƙashinsa ba. Venn ya rasu a 1873, inuwar da yake fakewa ta gushe. Bishop yana zaune a Legas, tashoshinsa suna warwatse a bakin kogi, ba ya iya kai musu ziyara sai ruwa ya cika an samu jirgin 'yan kasuwa, don sai a 1878 mishan ta samu jirgin kanta. Malamai suna can su kaɗai, albashi kaɗan, ba mai leƙa su. Wasu suka shiga fatauci, wasu suka yi abin kunya na gaske, kada mu ɓoye. A 1890 wasu samarin Turawa, ciki har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson waɗanda suka zo Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka yi wa ma'aikatan kuɗin goro. A taron kwamiti a Anacha cikin Agusta na shekarar aka dakatar da ma'aikata a gaban idon tsohon, har da ɗansa Dandeson. Crowther ya ajiye shugabancin kwamitin, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Sai a 2014 Akbishop Justin Welby ya tsaya a Canterbury ya nemi gafara kan abin da aka yi masa.

An yi ta tsine wa samarin nan a zauren. Sai ɗaya daga cikin masu bisharar ƙauyukanmu, wanda ya zo a kan babur ɗin aro, ya ɗaga hannu ya tambaya: malaman da aka bari a bakin kogi ba albashi ba ziyara, yaushe rabon da wani a cikinmu ya je ƙauyensa? Ba wanda ya amsa, ni ma na sunkuyar da kai, don a littafin da ke hannuna amsar take.

Aikin ƙauyuka

Mun yi alkawarin ziyara duk bayan wata uku. Sau ɗaya muka je, shi ma don bikin godiyar kaka ne. Tallafin masu bishara ya yi ta makara, akwai lokacin da ya haɗa watanni, har ɗayansu ya koma yin ƙwadago a gonakin mutane, ajin karatun yamma da ya buɗe wa yara ya mutu. A ƙauyen da muka rufa wa ɗakin sujada kwano bara, iska ta yaye gefe guda tun farkon damina, mu ba mu ji ba sai da kaka. Na ga wurin da idona: an jera buhunan taki an ɗaure da igiya a inda kwanon ya tashi, bencina biyu sun ruɓe, allon da yara ke koyon baƙaƙe a kai yana jingine a bango da rubutun watan shekaranjiya. Mutanen ba su daina taruwa ba, ƙarƙashin mangwaro suke yi. Kuma laifinmu ne tun daga tushe, don mu muka sayi kwanon muka kawo kafinta daga gari, ba mu nemi ko ƙusa ɗaya daga hannunsu ba, shi ya sa da ya yaye suka zauna jiran masu shi.

Abin da ya yi kyau shi ne na Zumuntar Mata. Su ba su yi alkawari a takarda ba, amma sun kai hatsi da sabulu da littattafan waƙa, kuma sun shirya da matan ƙauyen ana tara mudu-mudu na masara don mai bishara. A ɗaya ƙauyen kuma dagaci, wanda Musulmi ne, ya ƙara mana fili bayan Baba Shugaba ya je da kansa ya gaishe shi, abin da wasiƙunmu suka kasa yi.

Sauran al'amura

Mun yi rashin biyu daga cikin dattawanmu, mun je ta'aziyya a ƙungiyance, Allah ya ta'azantar da iyalansu. Kuɗin wata-wata yana tafiyar hawainiya, Ma'aji zai yi bayani. Ɗan littafin tarihin Crowther da muka ce za mu rubuta da Hausa don ajin Lahadi ya tsaya a babi na uku, muna neman mai buga shi a kwamfuta wanda ya iya sa ƙugiya a baƙaƙe.

Kwamiti yana kawo shawarwari uku gaban taro. A cire tallafin masu bishara daga asusu tun farkon wata kafin a taɓa ko sisi don wani abu. A raba 'yan ƙungiya gida-gida, kowane rukuni da ƙauyensa da watan ziyararsa, a manna sunaye a allon sanarwa. Gyaran kwanon kuma a zauna da mutanen ƙauyen a raba nauyin, su kawo katako da aikin hannu, mu kawo kwano da ƙusa. Batun nazarin baɗi, dattawa sun ce yanzu kam layin Likita Miller ne, da Girku da Zariya da Wusasa, kuma wannan karon ba a ji matasa sun yi musu ba.

Wanda yake da gyara a wannan rahoto ya kawo kafin a sa hannu a ajiye shi a fayil.

Naku cikin hidima,
Sakatare